Darasi na Tara: Laifi, Alhaki da Hukunci a Dokar Gana

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta laifi da rigimar bashi ko ta ciniki;
2. faɗin abubuwa biyu da sai sun haɗu kafin kotu ta kama mutum da laifi;
3. sanin waɗanda alhakin laifi ke hawa kansu ko da ba su ne suka aikata da hannunsu ba;
4. sanin haƙƙinsa idan 'yan sanda sun kama shi;
5. gane iyakar ikon mai unguwa, liman da magajiyar kasuwa a wajen sulhu.

Gabatarwa

Wanda ya taso daga Nima ko Maamobi ya sauka a kasuwar Makola yana ratsa unguwar shari'a ko bai sani ba. Makarantar horar da lauyoyi ta Gana, wadda aka kafa a 1958, tana nan gefen kasuwar, ga kuma Kotun Ƙoli can gaba kaɗan ta wajen teku. Duk da wannan maƙwabtaka, yawancin masu kasa kaya da masu dako ba sa sanin abin da doka ta ce sai ranar da aka riƙe wuyan rigar ɗansu.

Kasuwar kanta ta ɗanɗana hukuncin da bai bi ta kotu ba. An gina ta a 1924. A ranar 18 ga Agusta, 1979, zamanin mulkin soja na Jerry Rawlings na farko, sojoji suka rushe ta bisa zargin cewa mata 'yan kasuwa suna ɓoye kaya suna tsawwala farashi, abin da ake kira kalabule. A wancan lokaci an yi wa mata bulala a bainar jama'a, an kwashe musu kaya, ba tare da an tsaya an tantance wadda ta yi da wadda ba ta yi ba. Filin da ake kira Rawlings Park yau shi ne gurbin tsohuwar kasuwar. Bayan shekaru fiye da 20, Hukumar Sasanta 'Yan Ƙasa da ta yi zama tsakanin 2002 da 2004 ta saurari koke-koken mutanen da aka zalunta a irin waɗannan lokuta.

Abin da wannan darasi zai koyar shi ne: tsakanin zargi da hukunci akwai hanya da doka ta shata, kuma duk wanda ya tsallake ta, soja ne ko ɗan sanda ko taron 'yan unguwa, shi ma ya zama mai laifi.

1. Mene ne laifi?

Ba duk abin da ya ɓata wa mutane rai ne laifi a idon doka ba. Wanda ya ƙi gaida surukinsa ya yi rashin kunya. Wanda ya bar salla ya yi zunubi, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma babu ɗan sandan da zai kama su. Kundin Tsarin Mulki na 1992, a sashe na 19, ya ce ba za a hukunta kowa ba sai an rubuta laifin a doka, an kuma rubuta hukuncinsa. Raina kotu ne kaɗai aka keɓe daga wannan ƙa'ida. Haka kuma ba a kafa doka yau a hukunta mutum a kan abin da ya yi jiya lokacin da bai zama laifi ba.

Manyan dokoki biyu ne ke riƙe da wannan fanni, kuma an kafa su duka a 1960, shekarar da Gana ta zama jamhuriya. Doka ta 29 ita ce ta lissafa laifuka: sata, fashi, damfara, raunata mutum, fyaɗe, kisan kai da sauransu. Doka ta 30 kuwa ta tsara yadda ake kamu, da beli, da gurfanarwa, da yanke hukunci. Akwai wasu da aka ƙara daga baya, kamar dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, da dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga na siyasa ta 2019, da dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020.

Shari'a iri biyu ce. Akwai ƙarar neman haƙƙi, inda mutum ke ƙarar mutum a kan bashi, haya, gado ko ciniki; abin da ake nema a nan shi ne a biya. Akwai kuma shari'ar laifi, inda ƙasa ce da kanta ke ƙarar mutum, shi ya sa ake rubuta Jamhuriya a matsayin mai ƙara. Antoni Janar ne ke da ikon gurfanarwa, 'yan sanda masu gabatar da ƙara suna yi ne da izininsa. Wanda aka cuta mai kai ƙorafi ne kuma shaida, shari'ar ba tasa ba ce.

Ga wata hira irin wadda ake ji a layin masu atamfa:

"Hajiya, matar nan ta karɓi turmi goma tun kafin azumi, har yau shiru. Ni dai ofishin 'yan sanda zan kai ta a rufe ta."

"Ɗana, ta musa cewa ta karɓa ne?"

"A'a, Hajiya. Ta ce kasuwa ce ta tsaya mata."

"To, bashi ne ke nan. Kira ta mu zauna a yanka mata lokaci. In ta ƙi, kotu ce za ta karɓar maka, ba ɗakin tsare mutane ba."

Hajiya ta yi daidai. Kasa biyan bashi ba laifi ba ne, kuma aikin ɗan sanda ba karɓar bashi ba ne. Da a ce matar ta zo da ƙaryar cewa wata makaranta ce ta aiko ta sayen kayan ɗalibai, alhali babu makarantar, ta karɓi kaya a kan wannan ƙarya, to wannan damfara ce, kuma laifi ne a ƙarƙashin sashe na 131 na Doka ta 29. Bambancin yana ga ƙaryar da aka yi tun farko don a raba mutum da dukiyarsa.

2. Aiki da niyya

Kafin kotu ta kama mutum da laifi, galibi sai abu biyu sun haɗu: aikin da doka ta hana, da kuma mugun nufi a lokacin aikin.

Niyya ita kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya kwana yana saƙa yadda zai fasa shagon maƙwabcinsa, gari ya waye bai motsa ba, bai gaya wa kowa ba, babu abin da doka za ta yi masa. Aiki shi kaɗai ma sau da yawa bai isa ba. A ce wata mai dako ta ɗauki buhun albasar da ba na wadda ta ɗauke ta aiki ba, don buhunan sun yi kama, ta kai tashar mota. Ta ɗauki kayan wani, amma ba ta yi sata ba, domin sata a doka ita ce mallake abin da ba naka ba cikin rashin gaskiya. Idan kuwa ta gane kuskuren a hanya, ta ga dama ta samu, ta karkata da buhun ta sayar, daga wannan lokaci ta zama ɓarauniya.

Ta yaya alƙali zai san abin da ke zuciyar mutum? Ta hanyar aikinsa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma doka ma haka take kallo. Wanda ya ɗaga adda ya sari mutum a ka ba zai ce wasa yake yi ba. Ana ɗauka cewa mai hankali ya nufi abin da aikinsa zai haifar a bisa al'ada, sai in ya kawo abin da zai kore wannan zato.

Niyya ce ke raba laifuka masu kama da juna. Mutum uku za su iya zama sanadin mutuwar rai, hukuncinsu ya sha bamban. Wanda ya yi wa wani rauni da nufin kashe shi ya yi kisan kai. Wanda ya kai naushi a cikin faɗa ba da nufin kisa ba, abokin faɗan ya faɗi ya mutu, laifinsa kisa ne ba da gangan ba, shi ma babban laifi ne amma bai kai na farko ba. Direban da yaro ya faɗo wa gaban mota kwatsam, alhali yana tafiya a hankali kuma motarsa lafiya lau, ba shi da laifi. In kuwa ya san birkinsa ya lalace ya ci gaba da lodin fasinja daga Nima zuwa Tudu, sakacinsa zai ja masa alhaki.

3. Wa alhaki ke hawa kansa?

Ƙa'ida ta farko: laifin wani ba ya shafar wani. Ba a kama uwa don ɗanta ya gudu, ba a tsare mata don a matsa wa mijinta ya fito. Idan aka yi haka an karya doka.

Ƙa'ida ta biyu: ba mai hannu a cikin aiki kaɗai ke da laifi ba. Doka ta 29 ta ambaci hanyoyi da dama da mutum ke shiga laifi.

Yunƙuri. Wanda aka kama yana ɓalle kwaɗon shago bai kai ga ɗaukar komai ba, ana tuhumarsa da yunƙurin aikata laifi.

Taimakawa da zugawa. Wanda ya tsaya gadi a bakin lungu, da wanda ya ba da aron babur yana sane da abin da za a yi da shi, da wanda ya nuna gidan da kuɗi suke, da wanda ya ce "ku je ku koya masa hankali", duk sun shiga. Idan aka aikata laifin, hukuncinsu ɗaya ne da na wanda ya yi da hannunsa.

Haɗa baki. Mutum biyu ko fiye da suka shirya aikata laifi tare sun riga sun yi laifi tun daga shirin.

Karɓar kayan sata. Wanda ya sayi kaya ko ya ajiye su yana sane cewa na sata ne, doka tana hukunta shi daidai da laifin da aka samo kayan ta hanyarsa. Wannan shi ne ramin da 'yan kasuwa suka fi faɗawa. Yaro ya kawo maka sabuwar waya da tsakar dare, ba kwali ba rasit, a kan kuɗin da bai kai rabin farashinta ba. Cewa "ban tambaye shi ba" ba zai fisshe ka ba, domin alƙali zai duba farashin, da lokacin, da yadda aka yi cinikin. Mai sayen kayan hannu ya riƙa rubuta sunan mai sayarwa, ya ga katinsa na ɗan ƙasa, ya sa shaida.

Mukan ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. A matsayin gargaɗi ga yara, maganar tana da amfani. A kotu kuwa ba ta da gurbi. Zama a majalisa ɗaya da mai laifi, ko fitowa daga lungu ɗaya, ko kasancewa ɗan zango, ba hujja ba ce. Sai an nuna abin da kai da kanka ka yi ko ka faɗa.

4. Uzurin da doka ta karɓa da wanda ta ƙi

Ƙuruciya. Yaron da bai kai shekara 12 ba, doka ba ta ɗora masa laifi ko kaɗan. Daga 12 zuwa ƙasa da 18, ana kai shi kotun yara bisa dokar shari'ar yara ta 2003. Ba a haɗa shi da manya a tsare, kuma ko laifin babba ne tsarewar ba ta wuce shekara 3. Gidan gyaran hali na samari da ke Maamobi, wanda tsofaffi suka sani da Bosta, don irin wannan aka yi shi: a koya wa yaro sana'a ya koma cikin mutane.

Taɓin hankali. Wanda ciwon hauka ya hana shi sanin abin da yake yi ba a hukunta shi kamar mai hankali, amma ba sakin sa ake yi ya tafi gida ba. Kotu tana ba da umarnin a tsare shi inda za a kula da shi.

Kare kai. Doka ta yarda mutum ya kare ransa, da na wani, da dukiyarsa, amma da gwargwadon ƙarfin da ake buƙata. Wanda ɗan fashi ya zaro wa wuƙa yana da ikon kare kansa, har in abin ya kai matuƙa. Wanda ɓarawo ya fizge wa jaka, ya bi shi ya kama, ɓarawon ya zube ƙasa yana roƙo, ba shi da ikon ci gaba da dukansa. Da haɗari ya wuce, kare kai ya ƙare, abin da ya biyo baya ramuwa ce.

Maye. Wanda ya sha giya ko tiramol ko wiwi da son ransa ba zai fake da cewa ba ya cikin hayyacinsa ba. Sai dai in wani ne ya ɗura masa ba da saninsa ba, ko mayen ya kai shi ga hauka.

Rashin sanin doka. Wannan ba uzuri ba ne. Baƙon da ya sauka jiya daga Yamai ko Kano dokar Gana ta hau kansa tun daga kan iyaka. Misali, saduwa da yarinya ko yaron da bai kai shekara 16 ba laifi ne mai ɗaurin shekara 7 zuwa 25, ko da an ce da yardarta ko yardarsa. Dokar yara ta 1998 kuma ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure.

5. Daga kamu zuwa kotu

Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama haƙƙoƙi da ya kamata kowa ya haddace. Dole a gaya masa dalilin kamun nan take, cikin harshen da yake ji. Dole a sanar da shi cewa yana da ikon ɗaukar lauya. Dole a kai shi gaban kotu cikin awa 48, ko a sake shi. A da, wanda aka kama ranar Juma'a yakan kwana a tsare har Litinin ko Talata. A Disamba 2019, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce awa 48 ɗin sun haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Tun kafin nan, a 2016, a wata ƙarar ta wannan lauya, kotun ta soke dokar da ta hana ba da beli a wasu laifuka kamar fashi da kisan kai. Yanzu alƙali ne ke duba kowace shari'a ya ga ko beli ya dace.

Ba a sayen beli. Abin da ake buƙata shi ne mai tsaya wa mutum. Amma mai tsayawa ya san nauyin da ya ɗauka: idan wanda ya tsaya wa ya gudu, kuɗin da aka rubuta a takardar belin za su hau kansa.

Sashe na 15 ya hana azabtarwa. Kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa an fassara masa ba. Dokar shaida ta 1975 ta ce amsa laifin da mutum ya yi a tsare ba ya karɓuwa sai ya yi shi da son ransa a gaban shaida mai zaman kansa. A kotu kuma, wanda ba ya jin Turanci yana da haƙƙin tafinta kyauta. Ka ce da Hausa za ka yi magana, babu kunya a ciki. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka sake wa tsari a 2018.

A gaban alƙali, wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, ko shi ya amsa da bakinsa. Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai hujjar ta kore duk wani kokwanto mai ma'ana. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a makarantun zaure sun san wannan ƙa'ida, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Wanda kotu ta wanke, ko ta hukunta, ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi.

Kotuna hawa-hawa ne. Kotun gunduma tana sauraron ƙananan laifuka. Kotun sakit tana sama da ita. Babbar Kotu ce ke shari'ar kisan kai, inda mutum 7 daga cikin jama'a ke zama tare da alƙali su yanke ko an yi laifin. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli.

6. Ire-iren hukunci

Doka ta 30 ta kasa laifuka bisa nauyinsu. Manyan laifuka rukuni na ɗaya suna iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai. Rukuni na biyu, ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba. Ƙananan laifuka, irin su mari da ture-ture, ba su wuce shekara 3. An keɓe laifukan dukiya kamar sata da damfara, waɗanda za su iya kai shekara 25. Fashi kuwa, tun gyaran 2003, mafi ƙarancinsa shekara 10 ne, in da makami 15.

Ban da ɗauri akwai tara, da biyan diyya ga wanda aka cuta, da sa mutum ya rubuta alkawarin zaman lafiya. Alƙali yana duba shekarun mai laifi, ko karonsa na farko ne, ko ya amsa da wuri, ko ya mayar da kayan, da kwanakin da ya riga ya yi a tsare. Tun 2022 doka ta ba da damar yin yarjejeniya da mai gabatar da ƙara, mutum ya amsa laifi a sassauta masa, sai dai ba ta shafi kisan kai, fashi, fyaɗe da lalata yara ba.

Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Gana tun 1993. A Yuli 2023 Majalisar Dokoki ta kaɗa ƙuri'ar cire shi daga Doka ta 29 a maye gurbinsa da ɗaurin rai da rai, bisa ƙudurin ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu. Kundin Tsarin Mulki dai ya bar shi a kan babban cin amanar ƙasa.

Me ake nema da hukunci? A saka wa mai laifi gwargwadon abin da ya yi, a tsoratar da mai sha'awar kwaikwayo, a kare jama'a, a kuma gyara halin wanda ya kauce. Waɗannan manufofi sukan ja da juna. Gidan yarin Nsawam ya daɗe yana ɗauke da mutanen da suka zarce adadin da aka gina shi dominsu, kuma da yawa masu jiran shari'a ne. Wannan ya sa a 2007 aka soma shirin da alƙalai ke zuwa gidajen yari su duba shari'un da suka daɗe.

7. Idan aka yi ihun "ɓarawo!"

Doka ta ba kowane mutum ikon kama wanda ya aikata babban laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba ta ba kowa ikon duka, ko tsirara mutum, ko rataya masa taya ba.

A ranar 29 ga Mayu, 2017, wani hafsan soja, Kyaftin Maxwell Adam Mahama, ya fita motsa jiki da safe a kusa da garin Denkyira-Obuasi. Wasu suka ga bindiga a jikinsa, aka yaɗa cewa ɗan fashi ne. Taron jama'a suka far masa da duwatsu da sanduna har ya mutu, wasu suna ɗauka da waya. An ƙara masa girma zuwa Manjo bayan rasuwarsa. An gurfanar da mutum 14 bisa tuhumar haɗa baki, zugawa da kisan kai. A Janairu 2024 Babbar Kotu a Akra ta yanke wa 12 ɗaurin rai da rai, ta sallami 2.

Ku lura da abu uku. Na ɗaya, taron bai tsaya bincike ba, ya kashe marar laifi. Na biyu, ko da mutumin ɗan fashi ne na gaske, kisan zai kasance laifi. Na uku, yawa ba ya ɓoye kowa: doka tana tambayar kowane mutum abin da hannunsa ya jefa da abin da bakinsa ya faɗa. Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara 6, jinkirin da ya dace a yi kuka da shi, amma a cikinsa ne aka tace aka fitar da mutum 2 da hujja ba ta kama ba. Taron da ya kashe Mahama bai ba shi ko minti goma na irin wannan dama ba.

8. Sulhu da iyakarsa

A zango mun saba kai ƙara wurin sarki, ko liman, ko magajiya, kuma wannan al'ada tana kashe wuta da yawa tun ba ta ci gida ba. Doka ba ta hana ba. Sashe na 73 na dokar kotuna ta 1993 ma ya ba alƙali damar ƙarfafa sulhu a ƙananan laifukan da ba su yi muni ba, kamar faɗan maƙwabta a bakin famfo. Idan aka sasanta aka sanar da kotu, sai a rufe shari'ar.

Amma sarki da liman ba su da ikon shari'ar laifi. Ba za su ɗaure ba, ba za su sa a yi bulala ba, ba kuma za su kashe maganar babban laifi ba. Fashi, fyaɗe, lalata yarinya, sara da makami da kisan kai ba a gama su a zaure. Wanda ya karɓi kuɗi don ya rufe irin wannan magana shi ma ya yi laifi. Iyayen da aka lalata wa 'ya su kai ta asibiti, su kai rahoto sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. Rufin asirin da ya bar mai laifi yana yawo a unguwa, 'yar wani gidan ce za ta biya kuɗinsa.

Taƙaitawa

Laifi shi ne abin da rubutacciyar doka ta hana ta kuma sa masa hukunci. Galibi sai aiki da niyya sun haɗu. Alhaki na mai yi ne, da mai taimako, da mai zuga, da mai karɓar kayan sata, ba na dangi ko abokai ba. Wanda aka kama yana da haƙƙin sanin dalili, da lauya, da tafinta, da ganin alƙali cikin awa 48. Kotu kaɗai ke yanke hukunci. Sulhu yana da wurinsa a ƙananan rigingimu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin bashi da damfara? Kawo misali daga sana'arka.
2. Mai karɓar adashi ya tara kuɗin mata 30 ya ɓace da su. Wannan ƙarar neman haƙƙi ce ko laifi? Me ya sa?
3. Wani ya ba abokinsa aron babur bai san fashi zai je ba. Wani kuma ya bayar yana sane. Yaya doka ke kallon kowannensu?
4. An kama ƙanenka ranar Juma'a da yamma. Faɗi haƙƙoƙi huɗu da yake da su.
5. Yaushe kare kai ke komawa laifi?
6. Waɗanne laifuka ne ba a sasanta su a gida?

Aikin rukuni

Ku kasu uku. Rukuni na farko su zama 'yan layin da aka kama yaro ɗan shekara 15 da wayar wata mai sayar da kifi. Na biyu su zama magajiya da dattawan kasuwa. Na uku su zama 'yan sanda. Kowane rukuni ya rubuta matakai uku da doka ta yarda ya ɗauka, da abu biyu da ta hana shi. Ku karanta wa juna, malami ya gyara. A darasi na gaba za mu duba yarjejeniyar haya da ta ciniki.